Hutu a Jirgin Ruwa na Shaƙatawa: Matakan Shiri Daga Zaɓen Hanya Zuwa Ranar Sauka

Tambayoyin da ake yawan yi game da hutu a jirgin ruwa ba sa wuce uku: nawa ake kashewa, waɗanne takardu ake buƙata, kuma me mutum zai yi ta yi tsawon mako guda a tsakiyar teku ba tare da ya gundura ba. Duka ukun suna da amsa, amma amsar ta fi fitowa idan aka bi aikin daki-daki, domin yawancin abin da ke sa tafiyar ta yi armashi ko ta koma ɓacin rai ana yanke shi ne tun watanni kafin a sa ƙafa cikin jirgi. Abin da ya bambanta wannan hutu da sauran shi ne mutum ya kwance akwatinsa sau ɗaya tak, ya riƙa kwana a gado ɗaya, amma kusan kullum gari ya waye masa a wani birni dabam. Jirgin yana tafiya da dare a gudun da bai cika wuce kilomita 40 a awa ba, da safe kuma ya ɗaure a tasha, ga ɗaki da abinci da sufuri da yawancin nishaɗi duk a cikin tikiti ɗaya. Ga yadda ake shirya shi.

1. Fara da hanya da watan tafiya

Sababbin matafiya sukan ga hoton wani katafaren jirgi ya burge su, su biya kuɗi, sai daga baya su duba inda zai bi. Ya kamata a juya lamarin, a fara da wuraren da ake son gani da watan da ake da sarari, domin jiragen nan yanayi suke bi. A Bahar Rum kakar tana kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba, ana tashi daga tashoshi irin su Basalona, Genoa da Piraeus da ke gefen Atens. Yuli da Agusta su ne lokacin zafi da cunkoso da tsada, saboda haka wanda yake da zaɓi ya fi samun sakewa a Mayu ko Satumba ko farkon Oktoba. Alaska da mashigan tekun Norwe, inda ruwa ke ratsawa tsakanin dogayen duwatsu, na watannin Mayu zuwa Satumba ne. Tekun Fasha, wato zagayen Dubai, Abu Dhabi da Doha, daga Nuwamba zuwa Maris ake yin sa, kusan lokaci guda da jiragen da ke tashi daga Durban da Cape Town. Tsibiran Karibiyan kuwa ana zuwa duk shekara daga Miami da sauran tashoshin Florida, sai dai kakar guguwa tana farawa 1 ga Yuni ta ƙare 30 ga Nuwamba, kuma a tsakanin nan kyaftin yana iya sauya hanya ko ya tsallake wata tasha ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Bayan yankin, sai ka ƙirga ranakun tasha da ranakun da jirgi zai wuni a teku. Zagayen Bahar Rum na kwana bakwai yakan tsaya kusan kullum, wanda ke nufin yawo da gajiya. Mai neman hutawa tsantsa ya nemi hanya mai ranakun teku biyu ko uku. Akwai ma tafiye-tafiyen da ake yi lokacin da kamfanoni ke mayar da jiragensu daga Turai zuwa Amurka wajen Oktoba da Nuwamba, ko su dawo da su wajen Afrilu: suna da arha idan aka raba kuɗin da yawan kwanaki, amma ana iya shafe kwana shida ko bakwai a jere ba a ga ƙasa ba, kuma tikitin jirgin sama na dawowa yakan cinye rangwamen. Ga mai tafiyar farko, kwana bakwai ya fi dacewa. Kwana uku ko huɗu yakan ƙare daidai lokacin da mutum ya fara gane hanyar ɗakinsa.

Hattara: sunan birnin da ke cikin talla ba lallai ne ya zama inda jirgin zai tsaya ba. Idan an rubuta Roma, tashar ita ce Civitavecchia, kimanin kilomita 80 daga birnin. Idan an rubuta Faris, Le Havre ake nufi, tazarar kusan kilomita 200. Venice ma tun shekarar 2021 an hana manyan jirage ratsa tsakiyarta, suna tsayawa ne a Marghera ko ma a Trieste ko Ravenna.

2. Zaɓi jirgin da ya dace da halinka

Kamfanonin ba ɗaya suke ba. Royal Caribbean, Carnival, Norwegian, MSC da Costa suna da manyan jirage masu hayaniya da wasanni, sun dace da iyali masu yara. Icon of the Seas na Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, tsawonsa mita 365 ne, yana da hawa 20, kuma yana iya ɗaukar fasinjoji har 7,600. Princess, Holland America, Celebrity da Cunard sun fi natsuwa, fasinjojinsu kuma sun fi manyanta. Viking ba ya ɗaukar yara sam. Babban jirgi yana da abubuwan yi fiye da yadda mutum zai iya gamawa, amma akwai layi a kusan komai, kuma ƙananan tashoshi ba sa iya karɓarsa. Ƙaramin jirgi ya fi tsada, sai dai cikin kwana biyu ma'aikata sun san sunanka da irin shayin da kake sha.

3. Tabbatar da takardu kafin ka biya ko sisi

Wannan matakin ne ke jawo asara mafi girma, shi ya sa ya zo kafin maganar ɗaki da farashi. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowa, da shafukan da ba a buga komai a kansu ba. Sannan ka jera dukkan ƙasashen da jirgin zai taɓa, ka binciki abin da kowace take buƙata daga mai irin fasfonka, domin alhakin biza a wuyan fasinja yake, ba a wuyan kamfani ba.

Abubuwa biyu suna yawan kama mutane. Na farko, idan kana buƙatar bizar Shengen, wato biza ɗaya da ke ba da izinin shiga rukunin ƙasashen Turai irin su Italiya da Girka, kuma jirgin zai fita daga yankin, misali ya tsaya a Turkiyya ko Tunisiya ko Montenegro sannan ya dawo Italiya ko Girka, to biza mai izinin shiga sau da yawa kake buƙata, ba ta shiga ɗaya ba. Na biyu, jiragen Alaska da ke tashi daga Seattle su dawo can suna tsayawa a Kanada, galibi a Victoria, saboda dokar Amurka ta wajabta wa jirgi mai tutar wata ƙasa ya taɓa tashar waje. Don haka wanda fasfonsa ke buƙatar biza sai ya nemi ta Amurka da ta Kanada duka.

Hattara: cewa "ai ba zan sauka a wannan tashar ba" ba ta zama hujja. Idan takarda ba ta cika ba, tun a ranar farko za a hana ka shiga, kuma ba a mayar da kuɗi. Haka nan yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mace mai cikin da zai shiga mako na 24 kafin tafiyar ta ƙare, ko jaririn da bai cika wata shida ba, a dogayen tafiye-tafiye ma sai ya cika shekara.

4. Zaɓen ɗaki

Ɗakunan kashi huɗu ne: na ciki marar taga, mai taga wadda ba a buɗewa, mai baranda, sai babban ɗaki mai falo. Na ciki shi ne mafi arha, kuma ba abin rainawa ba ne ga wanda barci da wanka kawai zai kai shi ɗaki, sai dai duhunsa da rana tsaka daidai yake da na tsakar dare, dole a sa agogo ya tashe ka. A ganina, a hanyar da ake tsayawa tasha kullum kuɗin baranda ya fi amfani a wajen yawo. Amma a Alaska ko Norwe, inda abin kallon yake wucewa ta gefen jirgi tun asuba har dare, baranda ita ce rabin hutun.

Wurin da ɗakin yake ya kai nau'insa muhimmanci. Tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa shi ne inda girgiza ta fi sauƙi, goshin jirgi da hawa na can sama kuwa su suka fi rawa idan teku ta tashi. Ka buɗe taswirar jirgin a shafin kamfanin, ka duba abin da ke saman ɗakin da abin da ke ƙarƙashinsa. Mafi alheri shi ne ɗakin da ɗakunan kwana suka sa shi a tsakiya sama da ƙasa. Wanda ke ƙarƙashin wurin ninƙaya zai riƙa jin jan kujeru tun kafin gari ya waye, wanda ke saman zauren rawa kuma ba zai runtsa ba sai an tashi.

Hattara: akwai farashi mai rahusa inda kamfani ne zai zaɓa maka ɗaki daga baya. Yana iya zama sa'a, yana kuma iya zama ɗakin da kwale-kwalen ceto ya tare masa taga. Mai saurin jiri ko mai sauƙin barci kada ya yi wannan caca.

5. Yi cikakken lissafi, ba na talla ba

Farashin da ake gani na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin mutum biyu za su raba ɗaki. Mai tafiya shi kaɗai yakan biya kusan ninki biyu, sai fa idan ya sami ɗakin mutum ɗaya, waɗanda ba su da yawa kuma da wuri suke ƙarewa. A cikin tikiti akwai ɗaki da gyaransa, abincin babban ɗakin cin abinci da na wurin ɗebi-da-kanka, ruwan sha, shayi da kofi na yau da kullum, wasannin dandamali, wurin ninƙaya, ɗakin motsa jiki da kuma wurin wasan yara a yawancin sa'o'i.

Abin da ba ya ciki shi ne ke kumbura lissafi. Akwai harajin tashoshi, wanda wasu tallace-tallace ke ware shi gefe. Akwai tukuicin ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kullum, wanda a manyan kamfanonin Amurka yakan kama tsakanin dala 16 zuwa 20. Mutum biyu a tafiyar kwana bakwai, idan aka ɗauki dala 18, za su biya dala 252 a wannan kaɗai. Lemon kwalba, ruwan gora, kofi na musamman da tausa duk da kuɗinsu, kuma ana ƙara musu ladan hidima na kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari. Intanet yakan kai dala 20 ko fiye a rana ga waya ɗaya. Sai gidajen abinci na musamman, hotunan da masu ɗaukar hoto na jirgi ke yi, wanki da guga, da yawon da ake shiryawa a tashoshi, wanda shi ne yakan fi komai ci. A kan wannan duka sai a ɗora tikitin jirgin sama, otal na daren farko, kuɗin biza da inshora.

Kafin ka sayi tsarin abin sha na kullum, wato biyan tsayayyen kuɗi a kowace rana don ka sha yadda kake so, zauna ka ƙirga kofi nawa da lemo nawa kake sha a rana da gaske, ka tuna kuma cewa a ranakun tasha ba ka cikin jirgi. Mutane da yawa suna biyan abin da ba za su iya shanyewa ba. Intanet, yawo da abinci na musamman kuwa sun fi arha idan an saye su ta manhajar kamfani kafin ranar tafiya.

6. Biyan kuɗi, inshora da rajista

Ana fara ba da kafin alƙalami, ragowar kuma a biya galibi kwana 75 zuwa 120 kafin tashi, gwargwadon kamfani da tsawon tafiya. Karanta ƙa'idar fasa tafiya da kyau, domin bayan wannan wa'adi abin da za a mayar maka yana raguwa mataki-mataki har ya zama babu. Daga Janairu zuwa Maris kamfanoni suka fi yin rangwame da ƙarin kyaututtuka.

Inshora ba ado ba ce. Asibitin jirgi na kuɗi ne, kuma da tsada, idan kuma ta kama a kwashe marar lafiya daga teku ko daga wani tsibiri, kuɗin yana iya kaiwa dubban daloli masu yawa. Ka tabbata takardar ta ambaci tafiyar jirgin ruwa ƙarara, da kwashe marar lafiya, da rasa jirgi saboda jinkirin jirgin sama. Makonni kaɗan kafin tafiya za a buɗe rajista ta intanet, inda za ka sa bayanan fasfo da hoto da katin banki, ka zaɓi lokacin isowa tasha, ka buga takardun da ake maƙala wa akwati. A nan ne kuma ake sanar da buƙatar abinci ta musamman, ko na halal, ko marar nama, ko na mai ciwon sukari ko wanda jikinsa ba ya karɓar wani abu. Idan aka bari sai an shiga jirgi, zaɓin yakan taƙaita.

7. Haɗa kaya

Ɗakin ƙarami ne, saboda haka akwatin da zai shige ƙarƙashin gado ya fi. A sa takalmi mai daɗin tafiya, rigar sanyi ko da yankin mai zafi ne domin iskar teku da na'urar sanyaya ɗaki, kayan ado na dare ɗaya ko biyu da ake caɓa kwalliya, da duk maganin da kake sha har da ƙarin na 'yan kwanaki a cikin kwalinsa na asali. Bangon ɗakunan na ƙarfe ne, don haka 'yan ƙugiyoyi masu maganaɗisu suna ba ka wurin rataye hula da jaka da jadawalin rana.

Hattara: gobara ce babbar abin tsoro a teku, shi ya sa ake ƙwace dutsen guga, butar lantarki, kyandir, turaren wuta da wayar jona lantarki mai kariyar hauhawar wuta. Idan na'urar bincike ta gano ɗaya a akwatinka, akwatin ba zai iso ɗaki ba sai ka je da kanka an buɗe.

8. Ranar shiga jirgi

Ka isa birnin da za a tashi kwana ɗaya kafin ranar, ka kwana a otal. Jirgin ruwa ba ya jiran jirgin sama, kuma ana rufe karɓar fasinjoji awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin tashi. A bakin tasha za ka miƙa manyan akwatuna ga masu dako, waɗanda ba lallai ka sake gani ba sai yamma. Saboda haka fasfo, magani, caja, kuɗi da kayan canji guda su kasance a jakar hannu.

Bayan bincike za a ba ka kati ɗaya wanda shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar shiga da fita, shi ne kuma abin biyan kuɗi, domin ba a ciniki da tsabar kuɗi a cikin jirgi. Ɗakuna sukan buɗe wajen ƙarfe ɗaya na rana. Kowa yakan yi tururuwa zuwa wurin ɗebi-da-kanka, alhali sau da yawa akwai wani wurin cin abinci kyauta da ba kowa a cikinsa, tambayar ma'aikaci ɗaya ta isa.

Kafin jirgi ya tashi wajibi ne kowane fasinja ya yi atisayen ceto. Dokar kare rayuka a teku ta tsananta wannan bayan haɗarin Costa Concordia a Janairun 2012, wanda ya ci rayuka 32. A jirage da yawa yanzu ana kallon bidiyo a waya ko talabijin ɗin ɗaki, sannan a je wurin taruwar da aka rubuta a kati a nuna kai. Ka riƙe alamar gaggawa: gajeren busa bakwai, dogo ɗaya. Daga nan sai ka hau can sama tun kafin a kwance igiyoyi. Ƙahon jirgi zai yi ƙara har ka ji ta a ƙirji, tazarar ruwa tsakanin jirgi da gaɓa ta fara buɗewa a hankali, wani ƙaramin jirgi ya biyo gefe don ɗauke jagoran tasha, wato ƙwararren da ke hawa jirginku ya nuna hanya, bayan ya fitar da ku daga mashigi. Da yawa suna rasa wannan suna can suna jera kaya a kabad.

Hattara: da zarar an bar gaɓa, sa wayarka a yanayin jirgin sama. Idan ba haka ba za ta kama layin tauraron ɗan'adam na jirgin, wanda kuɗin datarsa ba ya cikin tsarin amfani da waya a ƙasashen waje na yau da kullum, kuma lissafin da zai biyo baya yana da ban tsoro.

9. Yadda ake morar ranakun teku

Kowace yamma za a kawo jadawalin gobe a takarda ko a manhaja, cike da abubuwa tun safe har tsakar dare: lacca kan tashar da za a je, koyon girki, gasar kacici-kacici, sinima a fili, wasan dandamali. Kada ka yi ƙoƙarin halartar komai. Zaɓi biyu ko uku, sauran lokacin ka bar shi fanko, domin daɗin ranar teku yana cikin rashin gaggawa ne. Manyan wasanni a manyan jirage suna buƙatar kama wuri tun da wuri, wannan kam a yi shi a ranar farko.

Wuraren da suka fi daɗi ba su ne suka fi cika ba. Gefen wurin ninƙaya yakan cushe tun hantsi, amma a hawa na ƙasa, inda kwale-kwalen ceto ke rataye, jirage da yawa suna da doguwar farfajiya mai inuwa da kujeru, ga ruwa kusa har kana jin yadda jikin jirgi ke tsaga shi. Can ƙarshen baya kuma akwai inda ake zama a kalli farar hanyar kumfa da farfela ke bari, miƙaƙƙiya har iyakar gani. Wanda ya saba tashi da asuba ya fi kowa riba: farfajiya ba kowa sai ma'aikatan da ke wanke daɓe, iska da sanyi-sanyi, rana tana ɓullowa daga cikin ruwa ba gini ko bishiyar da ta tare ta. A irin wannan lokaci ne aka fi dacewa da ganin dolfin suna tsere da goshin jirgi. Shiga wasu tashoshin ma kallo ne mai zaman kansa, kamar ganuwar Valletta a Malta da sassafe, ko ratsa mashigin Kotor a Montenegro inda duwatsu ke matsowa ta dama da hagu. Ka duba lokacin isowa tun da dare, ka fito rabin awa kafin nan.

A babban ɗakin cin abinci ana iya zaɓar zama na farko wajen ƙarfe shida, ko na biyu bayan takwas, ko kuma lokacin da ka ga dama. Tsayayyen lokaci yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: teburi ɗaya da ma'aikata ɗaya kowane dare, zuwa kwana na uku sun san abin da ba ka ci. Nan ne wurin gwada abincin da ba za ka yarda ka saya da kuɗinka a wani wuri ba, tunda idan bai yi maka ba ana sauya maka. Amma a yi ci da lissafi, a riƙa hawa matakala maimakon jiran lif, wanda dama layinsa ba ya ƙarewa.

Game da jiri, manyan jiragen zamani suna da fikafikai a ƙarƙashin ruwa da ke rage tangaɗi, kuma a yawancin kwanaki da ƙyar za ka san ana tafiya. Idan ka san kanka, ka nemi shawarar likita kan ƙwayar hana jiri ko filastar da ake liƙawa a bayan kunne, ka fara amfani da ita kafin teku ta tashi, ba bayan zuciya ta fara tashi ba. Citta tana taimakawa, haka ma fita iska a kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa. Kwanciya a rufaffen ɗaki ana duba waya ƙara abin yake yi.

Hattara: cutar amai da gudawa tana saurin yaɗuwa inda dubban mutane ke taɓa cokula da ƙarafunan matakala ɗaya. Man goge hannu bai cika kashe ƙwayar da ke kawo ta ba, wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 kafin cin abinci shi ne kariya.

10. Ranakun tasha

Hanya biyu ce: ka bi yawon da jirgi ya shirya, ko ka fita da kanka. Na jirgi ya fi tsada kuma ana tafiya a ayari, amma idan motarsu ta makara jirgi zai jira, ko kamfani ya ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. Inda birnin ke da nisa, kamar Roma ko Faris, wannan tabbaci ya cancanci kuɗinsa. Inda kuwa jirgi ke ɗaurewa a bakin gari, fita da ƙafa ta fi arha kuma ta fi daɗi. Awa shida ko takwas ba sa isa a ga birni duka, saboda haka zaɓi abu ɗaya babba, ka sayi tikitinsa tun kafin tafiya, sauran lokacin ka zauna wani wuri ka kalli mutanen garin.

A wasu wurare, irin su tsibirin Santorini na Girka, Cannes ta Faransa da Grand Cayman na Karibiyan, jirgi yana tsayawa ne nesa da gaɓa, a riƙa jigilar mutane da ƙananan jirage. Wannan yana cin lokaci a fita da dawowa, kuma idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi ana iya soke tashar baki ɗaya. A Santorini ma layin motar igiya da ke sauko da mutane daga saman dutse yakan yi tsawo sosai da yamma. Ba laifi ba ne kuma ka ƙi sauka wata rana: lokacin da kowa ya fita, jirgin yakan zama kamar naka kai kaɗai, har wurin tausa yakan rage farashi.

Hattara: lokacin da ake so kowa ya dawo yakan kasance rabin awa kafin tashi, kuma da agogon jirgi ake aiki, wanda wani lokaci yakan saɓa da na garin da kuke. Wayarka tana iya sauya lokaci da kanta ba ka sani ba. Ka ɗauki hoton allon da ke bakin ƙofar fita, ka riƙe lambar wakilin kamfani a tashar, wadda ake bugawa a jadawalin rana, ka kuma sa a ranka za ka dawo awa ɗaya kafin wa'adi. Wanda ya makara, da kuɗinsa zai bi jirgi zuwa ƙasa ta gaba.

11. Daren ƙarshe da sauka

Ka riƙa duba lissafinka a manhaja tun tsakiyar tafiya, ka je teburin kula da baƙi da duk wani kuskure kafin daren ƙarshe, lokacin da layi yakan kai har matakala. Bayan an sauka, gyaran lissafi sai ta wasiƙa da dogon jira.

Za a kawo maka takardun akwati masu launi ko lamba da ke nuna rukuninka da lokacin fitarka. Ana ajiye manyan akwatuna a bakin ƙofa kafin a kwanta, a karɓe su washegari a zauren tasha. Ka ware kayan da za ka sa da safe, da takalmi, da fasfo, da magani, da katin jirgi, domin ba a rasa wanda ya tura komai ya wayi gari da kayan barci kaɗai. Buɗe akwatin ajiyar kuɗi na ɗaki ka shafa hannu har ƙuryarsa. Mai iya jan kayansa da kansa yana iya riƙe su ya fita a rukunin farko.

Ko da jadawali ya ce jirgi zai iso ƙarfe shida ko bakwai na safe, sai hukumomin tasha sun ba da izini kafin a fara fita, ga layin jami'an shige da fice, ga hanyar filin jirgin sama. Kada ka sayi tikitin jirgin da zai tashi kafin tsakar rana, idan filin yana da nisa ma ka ƙara awa biyu a kai. Wasu sukan ji ƙasa tana ɗan rawa da su na kwana ɗaya ko biyu bayan sauka, abin yakan wuce da kansa, amma idan ya daɗe a ga likita. Idan da katin cire kuɗi ka yi rajista maimakon katin bashi, kuɗin da kamfani ya riƙe a matsayin jingina yana iya ɗaukar kwanaki kafin banki ya sake shi, don haka kada ka dogara da wannan katin wajen biyan otal ko motar da za ta kai ka filin jirgi.